Ƙasar Bedin Baba

Mudassiru, ɗan ƙanwata, ya tumɓuke tumatirina ya tsaga karansa da reza a gaban mutane. Bai tambaye ni ba.

A gonata ta bakin kanal aka yi, a gefen Kura, a shekarar 2004, lokacin da sanyi ya tafi zafi ya fara shigowa. Tumatir ya ɗauki 'ya'ya, wasu har sun fara ja, sai ya kama yaushi. Ganyen ƙasa ya yi rawaya, galibi ta gefe ɗaya. Da rana ya langaɓe, da yamma ya miƙe kamar ya warke. Daga baya ya daina miƙewa. Ba wannan ne karon farko ba, kuma ba ni kaɗai ba ne. Duk layinmu haka, kowace shekara abin yana ƙara faɗi.

Na yi abin da kowa ke yi. Shuka ta yi yaushi, ƙishi take ji, sai na ƙara mata ruwa. Na yi feshin maganin ƙwari har kafaɗata ta yi tabo. Ƙwari suka mutu, tumatir ya bi su.

Mudassiru malamin gona ne. A hannuna ya koyi riƙon fartanya kafin boko ta ɗauke shi. Ranar ya zo a kan babur ɗinsa, ya gaishe ni a durƙushe kamar yadda ya saba, ya tashi ya shiga fangali ya yi abin da ya yi. Manoman layinmu suna tsaye. Ƙanena Hambali ma yana wurin.

"Kawu, duba nan," in ji Mudassiru.

Na duba. Cikin karan, inda ya kamata ya zama fari tas, wani layi ne mai launin ƙasa, tun daga saiwa har sama.

"Na gani. Sai me?"

"Nan ce hanyar da ruwa ke bi ya hau. An toshe ta. Ko duk ruwan dam ɗin Tiga ka juye a fangalin nan, ba zai kai ganye ba."

Mutane suka yi dariya. Ban yi ba.

"Wa ya toshe ta?"

"Fumfuna."

"Fumfuna a tuwon shekaranjiya take," na ce masa. "Nan gona ce."

"Iri-iri ce, Kawu. Wannan a ƙasa take zama. Ta saiwa take shiga." Ya juya wajen mutane. "Daga ina kuka samo dashe bana?"

"Ina kuwa?" in ji Hambali. "Bedin Baba mana."

Sauran suka ce haka. Bedin Malam Tambaya, mahaifinmu. Kowa daga can.

Mudassiru ya naɗe rezarsa a takarda. Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Bedin yana bayan gidanmu, kusa da wata tsamiya. Mahaifinmu ne ya gyara shi tun lokacin da ruwan kanal ya fara zuwa ƙasarmu. A nan yake yafa irin tumatir in damina ta ɗauke, ya rene shi, ya rufe shi da ciyawa, ya buɗe, har ya isa dashe. Bai taɓa sayar wa ɗan gari ba. Duk mai so ya zo da kwandonsa. Baba zai cire masa dashe da ƙasarsa a jikin saiwa, domin ya fi saurin kamawa. In ya gama sai ya sa hannu ya damƙi ƙasar bedin, ya zuba a gefen kwandon, ya ce, "Watsa a fangalin farko. Allah ya sa albarka." Haka aka saba. Ba mai dasa tumatir a unguwarmu sai da wannan damƙin ƙasa. Da Baba ya rasu, bedin ya dawo hannuna, domin ni ne babba. Ban sauya komai ba. Hannuna ne ya koma yin abin da hannunsa ke yi.

Bayan la'asar Mudassiru ya same ni a zaure. Ya zauna a ƙasa, nesa da tabarmata.

"Kawu, ban so in faɗa a gaban mutane ba. Ina zargin ƙasar bedin nan."

"Maimaita."

"Na zaga gonaki. Duk inda ciwon ya fi ƙarfi, fangalin farko ne. Daga nan ruwa yake ɗaukarsa ya bi da shi sauran. Masu sayen dashe a wani wuri, nasu bai kai haka ba."

"Ƙasar kakanka kake cewa tana kashe shuka?"

"Ba ƙasar ba. Abin da ya shige ta. A zamanin Kaka lafiyarta lau. Ƙila wani ya shigo da shi a fartanya, ko a takalmi, ko ruwa ya kawo. Ba wanda zai sani."

"Tashi ka tafi. Ka gaida uwarka."

Ya tashi. Amma kafin ya fita ya shiga cikin gida, ya karɓi kwano mai murfi a wajen matata Sa'a. Ya jiƙa auduga ya shimfiɗa a ciki, ya ɗora guntun karan da ya tsaga, ya rufe. Ya ce a ajiye a inuwa. Na ce a zubar. Sa'a ta ajiye a bayan randa.

Kwanaki kaɗan bayan haka ta kawo min kwanon tare da kunun safe.

"Malam, ɗanka ya bar mana kiwo."

Na buɗe. Wani farin gashi ne mai laushi ya fito daga cikin karan, daidai inda layin yake, ya lulluɓe shi. A gindinsa akwai ɗan ja-ja. Ba wanda ya taɓa kwanon. Abin daga ciki ya fito.

Na aika a kira Mudassiru. Ya ɗauke ni a babur zuwa Kadawa, wajen masu binciken noma, inda yake da wani aboki. Suka ɗebi kaɗan daga farin gashin a bakin allura, suka sa a gilashi, suka tura ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu. Aka ce in rufe ido ɗaya. Da farko gashin idona kawai na gani. Mudassiru ya murɗa wani abu, sai ga su. Zare ne, siriri, mai rassa, ya sarƙe da juna kamar saƙar gizo. A tsakanin zaren akwai wasu ƙananan abubuwa masu lanƙwasa kamar lauje, da yawa, sun fi ƙarfin ƙirga.

"Zaren shi ne jikinta," in ji Mudassiru. "Masu kama da laujen nan su ne irinta. Ido ba ya ganinsu. Ruwa na ɗaukarsu, ƙasa na ɗaukarsu. Inda suka sami danshi da ɗumi da abinci, sai su tsiro su yi sabon zare."

"Ciyawa ce ke nan."

"A'a. Ciyawa tana da koren ganye, da shi take haɗa abincinta da hasken rana. Wannan ba ta da ganye, ba ruwanta da rana. Dole ta ci daga jikin wani abu, mai rai ko matacce. Ba ta da baki kuma. Zaren ne ke shiga cikin abu, ya narkar da shi, ya tsotse."

"To ƙwaro ce."

"Ba ƙwaro ba ce. Shi ya sa feshinka bai taɓa ta ba. Halitta ce daban, da danginta. Naman kaza da ke fitowa a juji da damina, danginta ne. Burtuntunar da ke mai da kan dawa baƙin gari, danginta ce. Makeron da ke cin kan yara ma haka. Har yistin da ake kwaɓa burodi da shi."

"Wato abin da ke kumbura burodi shi ke kashe min tumatir?"

"Dangi na ce, Kawu. Kai da Kawu Hambali ma uwa ɗaya uba ɗaya, amma ba hali ɗaya ba."

Abokinsa ya juya kai yana dariya. Na bar su suka gama.

A hanyar dawowa na ce masa, "Na ga zare a cikin kara. Ban ga zare a ƙasar Baba ba. Madubi abin da aka sa masa yake nunawa."

"Gaskiya ne," in ji shi. "To gwada da kanka. In abu mai rai ne a cikin ƙasar, wuta za ta kashe shi. Ɗebi ƙasar bedin ka raba biyu. Toya rabi, bar rabi ɗanya. Shuka iri ɗaya a duka biyun."

"Ba ka sa hannu."

"Ba na sa hannu."

Da damina ta kusa na yi haka. Na ɗebo ƙasar da kaina. Na sayo sababbin tukwane a kasuwar Bunkure, na huda gindinsu. Iri na gwangwani na saya, na buɗe shi da wuƙata. Na kai wa Sa'a rabin ƙasar na ce ta toya a kaskon da take suyar gyaɗa.

Ta dube ni, ta dubi ƙasar.

"Malam, rumbu ne ya ƙare ba ka faɗa min ba?"

"Toya."

"Da gishiri ko haka nan?"

"Ki juya ta sosai, zafi ya ratsa ko'ina."

Ta toya tana mita. Ƙasar ta yi tururi, ta yi wani wari, ta bushe. Da ta huce na zuba. Na jera tukwane layi biyu a bayan ɗakina, toyayya a dama, ɗanya a hagu, da tazara tsakaninsu don kada ruwan wannan ya fantsama wa wancan. Ruwan rijiya na riƙa ba su, da moɗa daban-daban. Duk suka tsiro. Duk suka yi kore. Na ji daɗi, ban ɓoye ba. Na ce wa Sa'a ta gaya wa ƙanwata ɗanta ya ɓata mana icen girki.

A wannan daminar ne Hambali ya sami gona.

Hambali ƙaramin cikinmu ne. Yana saurayi Baba ya rasu. Gadon da ya samu ya tafi a jinyar matarsa ta farko, Allah ya jiƙanta. Tun daga nan a gonar aro yake noma, yau nan gobe can, wani lokaci a gefen tawa. Gashin kansa ya fara fari bai taɓa dasa tumatir a ƙasar da zai ce tasa ba. Ya yi kiwon shanu a hankali, ya sayar, ya sayi wani fili a wajen Bunkure. Jigawa ce da gero kawai aka taɓa shukawa, amma tana kusa da ruwa, injin ban ruwa zai iya kai mata. Tumatir bai taɓa taka ta ba.

Ya zo ya faɗa min da kansa, fuskarsa kamar ta yaro ranar salla.

"Yaya, bana a tawa zan watsa ƙasar Baba. Kullum a ta mutane nake watsawa, albarkar ta zauna musu."

Na ce Allah ya sanya alheri. Na je na ga gonar. Ƙasa ce mai kyau, mai laushi, ba ta gaji ba. Na murza ta a hannu na daɗe ina murzawa.

Ana tsakiyar ruwa, wata safiya na ga naman kaza ya fito a kan tarin ruɓaɓɓen kara da ke gefen garke. Jiya babu, yau ga shi. Mudassiru ya taɓa ce min wanda ake gani a sama kamar ɗan itace ne kawai, uwar tana ƙasa. Na sa sanda na tona. Farin zare ne ya ratsa karan ko'ina, ya kama shi kamar an ɗinke. Inda ya daɗe, karan ya zama baƙar ƙasa mai ƙanshi, irin wadda muke kaiwa gona. Na buga kan wani naman kaza da ya bushe a tafin hannuna, wata 'yar ƙura ta zubo. Na tsaya ina kallo. Wannan tana cin matacce ta ba mu taki. 'Yar'uwarta tana cin mai rai. Kuma dukansu aikinsu a ɓoye suke yi. In ka gan su a fili, sun riga sun gama.

Ba a jima ba tukwanen hagu suka fara. Ganyen ƙasa ya yi rawaya ta gefe ɗaya. Da rana su langaɓe, da yamma su miƙe. Ban ƙara musu ruwa ba, ban rage ba. Ɗaya bayan ɗaya suka kwanta, sai guda da ta ƙi mutuwa ta tsaya a tsumbure. Na dama suna tsaye, har sun yi fure. Na ɗauko aska na tsaga kara daga hagu. Layin yana nan. Na tsaga daga dama, ko da yake na ji zafin kashe lafiyayyar shuka. Fari tas.

Sa'a tana tsaye a bayana da tsintsiya. Wannan karon ba ta yi wasa ba.

Na kira Mudassiru. Ban ce masa ya yi gaskiya ba. Yana da ido.

"A tara kara a kan bedin a cinna wuta," na ce. "A toya shi duka."

"Zai rage, Kawu, ba zai kawar ba. Zafin saman kawai yake kamawa. Na ƙasa yana nan."

"To a bar shi shekara guda ba shuka. Yunwa ta kashe fumfunar."

"Ba ta mutuwa da sauri haka. In ta rasa abinci sai ta yi wani iri mai kaurin ɓawo, ya kwanta ya jira. Shekaru yake yi. In ya ji saiwar tumatir kusa, ya farka."

"Shekara nawa?"

"Ba wanda zai faɗa maka daidai."

"Gonata fa?"

"Alkama, masara, shinkafa. Wannan fumfunar ba ta cin su. A daɗe ana juyawa. In za a koma tumatir, a nemi irin da ke jure mata. Wadda ta kamu, sai haƙuri da dabara. Wadda ba ta kamu ba, ita ce abin tsarewa."

Bai ambaci gonar Hambali ba. Ni ma ban ambata ba.

Da damina ta ɗauke na saro ƙayar magarya na kewaye bedin Baba, shinge mai tsayi, ba ƙofa. Fartanyar da nake aiki da ita a ciki na sa ta a wuta har ta yi ja. Takalmin da na shiga da shi na bar shi a ciki. Na je can gabas da gida, kan tudu, inda ruwan gonaki ba ya bi, na gyara sabon bedi. Na tara kara a kai na ƙone, na yafa irin gwangwani. Ya fito da kyau.

Ranar Juma'a bayan an idar da salla na miƙe a ƙofar masallacin unguwa. Ban saba dogon jawabi ba. Na ce bana dashe yana sabon bedi, kyauta kamar kullum. Na ce tsohon bedi a rufe yake, ba dashe, ba ƙasa. Na faɗi dalili. Na ce mai son ganin tukwane ya zo gida.

Aka yi surutu. Wani ya ce boko ta shiga kan Jaji, wato ni, da tsufa. Wani ya ce yaron nan ne ya juya shi. Na ji har an ce sayar da ƙasar nake wa baƙi a ɓoye. Wasu suka zo suka ga tukwane suka daina surutun. Da dashe ya isa, yawancinsu suka zo da kwandunansu sabon bedi. In na gama cire wa mutum sai ya tsaya yana kallon hannuna. Sai in ce, "Allah ya sa albarka," hannuna a sake. Wasu su amsa, wasu su juya kawai.

Hambali bai zo ba. Ya gyara gonarsa, ya ja fangali, ya ɗauko inji, ya jiƙa ƙasa. Abokan aikinsa suka dasa nasu, shi bai dasa ba. Na aika masa cewa na ware masa dashe mafi kyau, kuma lokaci na wucewa. Bai aiko da amsa ba.

Wata safiya ina ba sabon bedi ruwa, Sa'a ta aiko cewa ina da baƙi a bayan gida. Na je. Hambali ne tsaye a bakin shingen ƙaya da kwando a hannu. Tare da shi akwai Mai Unguwa Dattijo, sa'ana, wanda muka yi kiwon awaki tare. Muka gaisa. Hambali ya gaishe ni bai dubi idona ba.

"Jaji," in ji Mai Unguwa, "ƙanenka ya kawo ƙara. Ban so ta wuce nan."

"Ina ji."

"Ba dashen tsohon bedi yake nema ba. Ya yarda ya ɗauki na sabo. Ƙasar kawai. Damƙi ɗaya, kamar yadda Malam Tambaya ke yi."

"Ya ga tukwane?"

"Na gani," in ji Hambali. "Tukunya ba gona ba ce, Yaya."

"Layin da ke cikin karan tukunya shi ne a karan gonata. Kana tsaye aka tsaga."

"Shekara nawa kana bai wa kowa? Har baƙon da ya kwana biyu a gari ka ba shi. Sai bana da na sami tawa, sai ƙasar ta kamu da ciwo?"

"Ta daɗe da kamuwa. Bana na sani."

"Bana ka sani." Ya ajiye kwandon da ƙarfi. "Kai ka zauna da Baba har ka yi 'ya'ya a gabansa. Kai ya bar wa gida, kai ya bar wa bedi. Ni me na samu? Ko muryarsa sai na yi ƙoƙari nake tunawa. Hannunsa kawai nake gani, yana zuba ƙasa a kwando. Shi nake so a gonata. Ya yi yawa?"

Bai yi yawa ba. Na san hannun da yake faɗa. Babban yatsan ya karkace tun da saniya ta taka shi.

"Akwai hanya," na ce. "Zan shiga in ɗebo. Sa'a ta toya ta a kasko. In ta huce ka ɗauki ko kwando guda. Na gwada, ba ta cutarwa."

Mai Unguwa ya gyaɗa kai. "To ka ji. Ai an gama."

"Toyayyar ƙasa?" in ji Hambali. "Gyaɗa Baba ya bar mana? Wa Baba ya taɓa bai wa ƙonanniyar ƙasa? In ka kashe abin da ke cikinta, ai ka kashe duka. Toka zan watsa a gonata ranar farko?"

"Albarka ba ta tsoron wuta. Addu'a ce."

"To in addu'a ce, ciwo ma ba zai fi ƙarfinta ba. Ba ni yadda take."

Mai Unguwa ya matso kusa da ni ya rage murya. "Jaji, damƙi ɗaya ne fa. A cikin gona guda, me zai yi? Ba shi ko rabin hannu, ya watsa a can gefe. Zumunci ya fi tumatir."

"Abin da ke bakin allura na gani a Kadawa, Mai Unguwa. Ba ya ƙirguwa. Rabin hannu gari ne guda. Inji zai tura ruwa ta kai, ruwa ya raba wa kowane fangali. Bana zai ga kaɗan. Baɗi ya ga rabi. Daga nan ya koma neman gonar aro, tasa tana kallonsa."

"Gonata ce," in ji Hambali. "In ta mutu, tawa ce ta mutu."

"Ba da hannuna ba."

Ya dubi shingen. Na ga yana auna tsayinsa. Na taka na tsaya tsakaninsa da ƙayar. Ya fi ni ƙarfi, ya san haka, na san haka. Amma bai taɓa ɗaga hannu a gabana ba tun yana yaro, kuma bai ɗaga ba ranar.

"Yaya," ya ce, muryarsa ta sauka, "in na juya da kwandon nan ba komai, ba zan ƙara taka gidan nan ba. Ba suna, ba salla. Mai Unguwa shaida ne."

"Hambali, a'a," in ji Mai Unguwa. "Kada ka rantse."

"Ban rantse ba. Faɗa na yi."

Na san shi. Taurin kanmu wuri ɗaya muka ɗauko. In ya faɗa zai yi, ko ba har abada ba, zai daɗe. Mu biyu muka rage maza a ɗakinmu, kuma ni ba yaro ba ne da zan ce ina da lokacin jira. Na tuna da wannan. Na kuma tuna da ƙasar da na murza a wajen Bunkure, mai laushi, wadda ba abin da ke kwance a cikinta yana jira.

Ya ɗauki kwandon. Ya miƙo hannun dama, tafin a buɗe, ta saman kafaɗata wajen bedin.

"Damƙi ɗaya, Yaya. Don Allah. Don darajar Baba."

"Dashenka yana sabon bedi, na ba shi ruwa da safen nan," na ce. "Ƙasar nan kuwa, Hambali, ba zan ba ka ba."